Ɗanasabe da Kujerar Malam

Lahadi, 2 ga Yuli, 2023

Gida ya watse. ’Yata Nafisat ta koma Abuja wurin mijinta, ’yan uwan da suka tsaya har aka yi arba’in aka yi Sallah su ma kowa ya kama gabansa. Saura ni da akun Malam.

Na raka Nafisat bakin ƙofa, na dawo falo na tarar da shi a kan kujerar Malam yana aiki kamar wanda aka ba kwangila. Hannun kujerar na dama, daidai inda Malam ke ajiye kofin shayi. Duk ɓaraguzan katako a kan kafet. Na ce, “Ɗanasabe, me zan gani haka?” Ya karkace kai ya dube ni da ido ɗaya, ya ci gaba da gaigayarsa.

Tun ranar da Malam ya rasu tsuntsun nan bai ce uffan ba. Ni na sa aka fitar da kejinsa bayan gida lokacin zaman makoki, aka lulluɓe da zani. Tsoro na ji kada ana tsakiyar addu’a ya yi magana da muryar mamaci, mata su ruɗe. Jiya Nafisat ta dawo da shi falo. Ya dawo da baki, amma ba na magana ba.

Talata, 4 ga Yuli

Abu uku ya fi iyawa. Tarin Malam na safe. “Shigo mana,” idan an yi sallama. Sai kuma “Zuwai, shayin nan fa?” Wannan na ƙarshen har ni yake ruɗawa. Sau nawa na fito daga kicin da kofi a hannu ina mita, in tarar Malam bai ma dawo daga masallaci ba, ja’irin ne ke aikena.

A da haushi yake ba ni. Yanzu ina wanke-wanke sai in kashe famfo in kasa kunne.

Alhamis, 6 ga Yuli

Talatu maƙwabciyata ta ce in shafa wa kujerar barkono. Na daka jan barkono mai zafin gaske, na kwaɓa, na shafe hannun kujerar ina atishawa ina hawaye. Ɗan neman nan ya sauko ya lashe shi tas, har yana lumshe ido. Ashe yaji na haɗa masa. Da ya gama ya ɓantari katakon da ya fi na jiya girma.

Talatu ta yi dariya har da riƙe ciki. Ni ma na ɗan yi, sai na tuna babu wanda zan ba labarin da yamma.

Asabar, 8 ga Yuli

Balarabe ya zo daga Rigasa, ƙanin Malam. Tunda ’ya ɗaya Allah ya ba mu, kuma mace, shi ma yana cikin magada, kuma shi dangi suka ɗora wa kula da komai har a raba.

Ya gaishe ni, ya zauna, idonsa ya sauka a kan kujerar. Ya daɗe yana kallo. Ya ce, “Matar Yaya, kin san kayan nan yanzu ba na Yaya ba ne, ba naki ba ne, ba nawa ba ne. Amana ne har a raba.” Na ce na sani. Ya ce shi kansa tsuntsun yana cikin gado, kuma ba zai yiwu a zuba ido wani kayan gado yana cinye wani ba. Wai akwai wani Aliyu mai kiwon tsuntsaye a layinsu, zai karɓe shi da hannu biyu.

Na ce ya bar mini shi zan gyara masa zama. Ya ce to, har in fita takaba. In bai daina ɓarna ba, ranar rabo zai tafi da shi.

Ba mugu ba ne Balarabe, gaskiya ya faɗa. Wannan ne ma ya fi ba ni haushi. Na kasa gaya masa cewa muryar yayansa ba ta rage ko’ina a duniya ba sai cikin maƙogwaron tsuntsun nan.

Litinin, 10 ga Yuli

Na rufe hannun kujerar da tsohon zani. Yanzu ba ni da tsohon zani.

Asabar, 15 ga Yuli

Rimot ɗin talabijin, madannai huɗu sun tafi. Wayar cajina. Bakin tabarmar sallah. Na kulle shi a keji, na ɗaure ƙofar da waya don ya iya buɗe sakata.

Ranar Asabar irin ta yau Malam ya shigo da shi, Nafisat tana aji uku a firamare. Wani abokin aikinsa da aka yi wa canji zuwa Legas ya bar masa. Na ce, “Malam, mutane suna kawo wa iyali kaza, kai ka kawo wanda ba a ci?” Ya ce ai wannan ɗa ne, a raɗa masa suna. Shi ya sa masa Ɗanasabe, har da raba wa yaran layi alewa wai ana suna. Mutum da furfurarsa, babban ma’aikacin gwamnati.

An yi ruwa tun azahar. Falon ya yi duhu, ban tashi na kunna fitila ba.

Laraba, 19 ga Yuli

Da na tashi share ƙarƙashin keji na ga gashi, da yawa. Na duba ƙirjinsa, ya fige wuri kamar tafin hannun jariri, fata a waje. Tunda na hana shi katako ya koma kan jikinsa.

Na kwance wayar na buɗe masa. Bai fito nan da nan ba. Da ya fito, kai tsaye kujerar ya nufa. Na tsaya ina kallo yana cin amanar da aka bar mini, ban hana shi ba. In na kulle shi ya cinye kansa, in na sake shi Balarabe ya ɗauke shi. To ni in yi yaya?

Juma’a, 21 ga Yuli

Nafisat ta kira. Ta ce ta duba a waya, wai aku in ya yi kaɗaici haka yake yi, a saya masa kayan wasa. Na ce a wace kasuwar Kaduna ake sayar da kayan wasan aku? Na ba shi murfin gora da totuwar masara. Ya ɗauka ya jefo ƙasa ɗaya bayan ɗaya yana kallona.

Na tambaye ta ko tana da muryar Babanta a wayarta. Ta ce Baba ai bai taɓa yarda da saƙon murya ba, ƙaramar wayar nan tasa mai madannai ya riƙe har ƙarshe. Ta turo mini bidiyon bikinta. Ga shi nan cikin farar babbar riga, bakinsa yana motsi yana yi mata nasiha, amma kiɗa da guɗa sun danne komai. Na kalla har wayar ta yi zafi.

Alhamis, 27 ga Yuli

Carbin Malam. Baƙin nan da ya zo da shi daga Makka. Shi kaɗai na ɓoye da aka fitar da tufafinsa sadaka. Na ajiye a kan tebur na shiga alwala, na fito na ga ƙwayoyin sun watsu a ƙasa, ya fasa wasu kamar gyaɗa.

Ban san lokacin da na ɗauki mafici na kai masa duka ba. Ban same shi ba, ya tashi ya maƙale a labule yana haki. Na zage shi zagin da ban taɓa yi wa mai rai ba. Na ce ka cinye masa kujera, ka cinye masa carbi, ka haɗiye masa murya, me kuma ya rage? Gobe Balarabe ya zo ya kwashe ka, can ku ƙarata.

Na durƙusa ina tsintar ƙwayoyin ina kuka. Ba su cika ba.

Juma’a, 28 ga Yuli

Ban kira Balarabe ba. Na yanka masa gwaiba, ya ƙi karɓa daga hannuna sai da na ajiye.

Lahadi, 30 ga Yuli

Talatu ta shigo da kayan cocinta a jiki, ita da mijinta Ayuba. Tun muna amare muke katanga ɗaya da su a Unguwar Kanawa. Lokacin da ’yan uwansu suka yi ta ƙaura zuwa ƙetaren kogi bayan rikicin Kaduna, su suka ce ba inda za su. Ayuba da Malam kullum suna musu a kan ƙwallo da siyasa, kullum kuma suna tare.

Ayuba ne ya kawo dabarar. Ya ce bari ya fita ya yi yadda ya saba. Ya tsaya a bakin get ya ɗaga murya ya kira sunan Malam, “Audi! Audi na gida?” (Rubutawa ba faɗa ba ce.) Da, kafin Malam ya amsa, Ɗanasabe ya riga shi: “Shigo mana.”

Tsuntsun ya daina gaigaya. Ya miƙe wuya, ya dubi ƙofa, ya juyo ya dubi kujerar da yake kai, wurin da babu kowa. Sai ya sunkuyar da kai ya ci gaba. Ayuba bai dawo ciki ba, na ji ƙarar get ɗinsu kawai.

Talatu ta ce, “Maman Nafisat, ya ji sunan fa. Kin ga yadda ya yi. Ke ki riƙa kiransa, ke da kike tare da shi kullum.” Na ce, “Maman Joy, ni?” Ta ce, “To wa? Yanzu kuma kunyar wa za ki ji?”

Ba za ta gane ba. Ita “Ayuba” take cewa gatsau, har a gaban baƙi. Mu a gidanmu na Zariya ba a faɗin sunan miji, ba a faɗin na ɗan fari. Na ’yar dai na karya tun tana ƙarama, don ni ke kai ta asibiti da makaranta. Nasa kuwa ko a ofis, in fom ya biyo ta kansa, sai in rubuta in miƙa. Ya sha tsokanata. “Ke da digirinki, Zuwai? Faɗi sau ɗaya dai, in ji yadda yake a bakinki.” Sai in ce, “Malam, shayinka zai huce.” Kullum ina ganin akwai lokaci.

Asabar, 5 ga Agusta

Yau na gano abin da yake nema.

Ramin da ya yi a hannun kujerar ya kai har wurin da katako ya haɗu da kushin. Na ce bari in ɗaga kushin ɗin in kakkaɓe ɓaraguzai, abin da ban yi ba tun rasuwar, don ko taɓa kujerar ba na son yi. Ina ɗagawa sai ga asuwaki a cuse a lungun, guntaye-guntaye, sun fi a ƙirga. Wasu da shaidar haƙoran mutum a kai ɗaya, ɗaya kan kuma a tsattsage irin na bakin aku.

Na zauna a ƙasa. Shekara da shekaru ina yi masa faɗan asuwaki. Duk Juma’a sai ya sayo dami a bakin masallaci, kafin wata Juma’ar babu. Ina cewa, “Malam, haƙoranka nawa ne wai?” Sai ya yi murmushi. Ashe bayan asuba, ina kicin ina fama da shayi, su biyu suna nan, shi ya goga ya miƙa wa ɗansa ya ƙarasa. Guntayen kuma ya tura nan don kada in ga datti a kafet in yi magana.

Ba kujerar yake ci ba. Hanya yake haƙawa zuwa inda ake ajiye masa rabonsa.

Na kai ɗaya hancina. Ƙamshin ya tafi, sai ɗan kaɗan, ko kuma ni ce nake sa wa raina. Na zuba su a gwangwanin madara na rufe. Ɗanasabe yana kan labule yana kallona, na ce masa, “Ku biyu kun iya munafunci.”

Litinin, 7 ga Agusta

Tunda ba na fita, Talatu ta sayo mini dami guda. Na saka masa ɗaya a keji, ya jefar. Na miƙa masa a tsaye, ya juya mini baya. Na ɗora a hannun kujerar, ya ture da ƙafa.

Talatu ta ce wataƙila sai an fara masa. Na goga a haƙorana har kan ya yi laushi, na miƙa. Ya dube shi, ya dubi kujerar. Ta ce, “Zauna mana.” Na ce ba zan iya ba. Ta ce, “Katako ne da soso, Maman Nafisat.”

Na zauna. Kushin ɗin ya lotsa daidai jikinsa, ba nawa ba, sai na ji kamar na sa takalmin wani. Na ɗora hannu inda yake ɗorawa. Tsuntsun ya sauko a hankali, ya taka hannun kujerar, ya karɓa da ƙafa ɗaya. Ya tsattsaga shi zare-zare har ya ƙare, bai taɓa katakon ba.

Talatu ta fita ba sallama, ta ja mini ƙofa.

Lahadi, 13 ga Agusta

Mun samu tsari. Bayan asuba in dafa shayi, in zauna, in fara masa asuwaki. Da la’asar ma haka. Na ɗaure masa reshen gwaiba a cikin keji, yana ɓare shi in ina aiki. Rimot, waya, carbi, duk na kwashe na sa a durowa, abin da ya kamata in yi tun farko. Ƙirjin ya fara fitar da sabon gashi, kamar na ɗan tsako.

Ɓarna ta ragu. Magana dai babu.

Har yanzu kofi biyu nake ɗaukowa, sai na zo zubawa in mayar da ɗaya.

Juma’a, 18 ga Agusta

Maza sun tafi masallaci, layin ya yi tsit. Na leƙa tsakar gida, na rufe taga, ni da gidana. Na tsaya a ƙofar kicin da kofi a hannu, inda nake tsayawa da.

Na buɗe baki ya fi sau uku abin ya ƙi fita. Sai na ce a raina ai don tsuntsun ne, magani ne, in ya ji sunan da shayin tare wataƙila ya tuno tambayarsa. Na faɗa. Na ce masa ga shayinka.

Ashe gajere ne haka. Har ya ƙare ban gama jinsa ba.

Ɗanasabe ya miƙe wuya kamar ranar Ayuba. Bai ce komai ba. Ni kuwa na zauna a bakin ƙofar har shayin ya yi sanyi.

Laraba, 23 ga Agusta

Kullum da safe yanzu. Don tsuntsun.

Asabar, 2 ga Satumba

Zazzaɓi ya kwantar da ni tun Talata. Talatu ce ke kawo mini kunu tana ba shi abinci, amma ba mai zama da shi. Ya huce a kan durowar falo, ya cinye kusurwar ƙofarta, ya sake koma wa kujerar.

Kamar an aiko shi, yau Balarabe ya zo duba ni. Ya gani. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya shafa wurin da yatsa ya ce, “Matar Yaya, kin rame.” Na ce zazzaɓi ne. Ya ce, “Ba na kwana huɗu nake nufi ba.” Na yi masa bayanin asuwaki, na ce wallahi ya daina, ciwon nan ne ya ɓata mana tsari. Ya ce to, Allah ya sawwaƙe. Irin “to” ɗin da Malam ke yi in ya riga ya yanke magana. Ashe har wannan sun yi kama.

Washegarin fitata takaba za a yi rabo. Zai zo da malamin da zai raba.

Lahadi, 10 ga Satumba

Yau na so in tuno yadda yake cewa “Zuwai”, na kasa. Kalmar tana nan, sautin ne babu. Yana jan ƙarshen ne ko yana datsewa? Na tuna tarinsa, na tuna takunsa, na tuna yadda yake hura shayi. Wannan ɗaya ta ɓace mini.

Na roƙi tsuntsun kamar mai roƙon mutum. Na ce sau ɗaya kawai, Ɗanasabe, sau ɗaya in riƙe, daga nan ko Rigasa ne ka tafi. Ya hau kafaɗata, abin da bai taɓa yi ba, Malam kaɗai yake hawa. Ya ja mini bakin ɗankwali a hankali. Shi ke nan abin da na samu.

Ina kewarsa. Ba a faɗa wa mutane haka, sai su ce a yi haƙuri. Ina haƙurin, ina kuma kewarsa.

Juma’a, 22 ga Satumba

Na fita takaba. Nafisat ta zo tun jiya, ta sa mini lalle, ta ciro atamfar da ta ɗinka mini. An yi ’yar sadaka, mata sun shigo sun yi barka. Kowa na cewa na yi kyau. Na taka har bakin titi na dawo.

Gobe ne.

Asabar, 23 ga Satumba

Bari in rubuta yau ɗin nan, in na bari gobe zan ce ƙarya ne.

Sun zo da hantsi, Balarabe da wani dattijon malami. Na hango Aliyu mai tsuntsaye a waje kan babur, da kwando a ɗaure a baya.

Aka yi addu’a, aka bi komai daki-daki, lafiya lau, ba wanda ya ɗaga murya. Da aka zo kan kayan falo na ce a sa mini kujerar a rabona, yadda take, da durowar, duk abin da ya ɓata a ɗora a kaina. Balarabe ya ce wannan ba matsala. Na ce da akun.

Ya dubi Nafisat. Ashe sun gama magana. Ita ce ta ce, “Mama, ba don kayan ba ne. Kin zauna kina jiran tsuntsu ya yi miki magana, ba kya ci, ba kya barci. In yana nan ba za ki taɓa sakewa ba.” Balarabe ya ce, “Wata huɗu bai yi magana ba, matar Yaya. Ki bar shi ya je cikin ’yan uwansa.” Malamin ya ce in magada ba su daidaita a kan abu ba, sai a fitar da shi.

Na tashi don kada su ga fuskata, na ce bari in kawo shayi. Na jera kofuna a faranti, na fito, ina daidai ƙofar kicin cokali ya buga kofi.

Sai aka ce, “Audi.”

Daga kan kujerar. Ba muryar Malam ba. Tawa ce, ƙasa-ƙasa, irin ta mai tsoron kada a ji, har da rawar da take yi a ƙarshe.

“Audi, ga shayinka.”

Ya maimaita. Har da jan hancin da nake yi bayan na faɗa, bai bar komai ba, ɗan banza.

Da ƙasa za ta tsage da na shige. A gaban ƙaninsa, a gaban malami, a gaban ’yar da ba ta taɓa jin sunan ubanta a bakina ba. Nafisat ta karɓi farantin kafin ya zube, ta ajiye, ta rufe fuska da mayafi. Malamin ya sunkuyar da kai yana jan carbi.

Balarabe ya cire hula ya riƙe. Ya daɗe yana kallon ramin da ke hannun kujerar. Ya ce wa malamin, “A sa mata shi. Na yafe nawa a ciki.” Nafisat ta gyaɗa kai daga cikin mayafin. Ya tashi zai fita sallamar Aliyu, ya tsaya a ƙofa bai juyo ba, ya ce, “Tsuntsun da ya haddace asirin matar Yaya ba zai je Rigasa ya baza shi ba.”

Na so in rama tsokanar kamar yadda muka saba, amma ya riga ya fice.

Wata huɗu ina jira ya buɗe baki. Ya buɗe, abin da na zuba masa shi ya dawo mini da shi. Na Malam kuma, ina jin ya tafi tare da mai shi.

Lahadi, 24 ga Satumba

Talatu ta ji labari wurin Nafisat. Ta shigo ta zauna kusa da ni, ba ta yi dariya ba, ba ta ce ai na gaya miki ba. Ta ce, “Ya ji, Maman Nafisat.” Ban tambaye ta wa take nufi ba.

Talata, 3 ga Oktoba

Kafinta ya zo ya gyara ƙofar durowa. Ya ce ya canja hannun kujerar ma, aikin rabin yini ne. Na ce ya bar shi, ya dai goge tsinin kada ya riƙa kama mini hannun riga. Kushin ɗin ya fara daidaita, ko kuma na saba.

Ranar Juma’a da kaina na je na sayo asuwaki. Mai sayarwar ya ce dami guda, Hajiya, ke kaɗai? Na ce mu biyu ne.

Da safen nan ina shirin zuwa Abakpa barkar haihuwa, ina gaban madubi, ya kira sunan daga falo. Na ce, “Allah ya ji ƙansa,” na ci gaba da ɗaura ɗankwalina. Ya sake cewa ga shayinka. Na ce na sha, na gode.

Kofi ɗaya na ɗauko yau. Ban lura ba sai da na zo wankewa.